Gayyato Baƙo Mai Jawabi Zuwa Jami'a: Daga Wasiƙar Farko Har Zuwa Rakiya

Shekarar da na riƙe sakataren ƙungiyar ɗaliban sashenmu, mun gayyato wani dattijon likita daga wata jiha ya yi mana lacca. Mun rubuta ƙarfe goma a kati, shi kuwa goma saura kwata yana zaune a ɗakin taro, takardunsa a kan cinya. Ba a buɗe taro ba sai wajen sha ɗaya da rabi, domin ana jiran shugaban taro. Aka yi addu'a, aka gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, uban taro ya yi jawabi, wakilin wane ya yi, wakilin wane ma ya yi. Da dattijon nan ya miƙe, bai fi shafi uku da karantawa ba aka kira Azahar, ɗalibai suka fara zamewa ta ƙofar baya. Na ga lokacin da ya ninke sauran takardun ya sa a aljihun babbar rigarsa. Bai ce mana komai ba sai godiya, amma har yau abin yana ci mini rai, domin mutumin ya yi tafiyar awa huɗu ne saboda mu.

Tun daga ranar nake kallon duk wani shiri na gayyatar baƙo da ido ɗaya: shin zai kai mu ga baƙo ya samu cikakken lokacinsa a gaban ɗalibai, su saurara, su yi tambaya? Abin da ke tafe shi ne yadda nake bi da kwamitocin ɗalibai, daki-daki.

Ku fara da abin da kuke son ji

Yawancin kwamitoci da suna suke farawa: "Mu kira wane, zai tara jama'a." Ku juya abin. Ku zauna ku rubuta tambaya ɗaya da ke damun ɗalibanku, wadda malamanku na aji ba su da lokacin tsayawa a kanta. "Matasa da ci gaban ƙasa" ba maudu'i ba ne, kowa zai iya magana a kansa ba tare da ya faɗi komai ba. Amma "Yadda ɗalibin aikin gona zai fara kiwon kaji da ƙaramin jari bayan hidimar ƙasa" ko "Abin da ɗan jarida ke yi kafin ya yarda da hoton da ya gani a WhatsApp" sun riga sun nuna muku irin mutumin da za ku nema.

Daga nan sai ku fitar da suna uku, a jere, na farko da masu maye masa gurbi. Ku saurari kowannensu kafin ku yanke shawara, ko a rediyo, ko a YouTube, ko ku tambayi wanda ya taɓa zama a laccarsa. Akwai masani na gaske da ba ya iya riƙe ɗakin taro minti goma, akwai kuma mai daɗin baki da ba ya da komai a ciki. Kuma don Allah ku riƙa tunawa da mata masana. Sau da yawa rabin masu sauraro ɗalibai mata ne, amma a shekara guda ba su ga mace ɗaya ta hau mumbarin ba.

Rana

Ku ba kanku mako takwas. Kafin ku ambaci rana ga kowa, ku ɗauko jadawalin zangon karatu. Ku kauce wa makonnin rajista, lokacin ɗalibai ba su gama dawowa ba, ku kauce wa mako biyun da ke gaban jarrabawa, lokacin ko wa kuka kawo ba za a zo ba. Juma'a gajeriyar rana ce. A watan azumi, in dai ba dole ba, a bari sai bayan Sallah, in kuwa dole ne to da hantsi. Safiyar Asabar ta fi sauƙin samun ɗakin taro, sai dai ɗaliban da ke kwana a gari kan yi nauyin fitowa, saboda haka ku san su waye mutanenku.

Idan baƙon ta jirgin sama zai zo tsakanin Disamba da Fabrairu, ku sa hazo a lissafi. A lokacin hunturu akan jinkirta ko a soke saukar jirage a Kano da sauran filayen Arewa, don haka ya iso tun jiya, kada ku dogara da jirgin safiyar ranar. Sannan ku tsayar da rana ta biyu a ajiye. Duk wanda ya ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya san jadawalin jami'a na iya rushewa dare ɗaya.

Izinin hukuma

Nan ne taruka da yawa ke mutuwa. Tsarin da na ga ya fi aiki shi ne: ku fara taɓa baƙon ta bayan fage ku ji ko yana da sha'awa, sannan ku nemi izinin jami'a, sai izini ya fito ku aika masa wasiƙar gayyata. Babu kunyar da ta kai ku gayyaci babban mutum, ya amsa, ya soke wasu harkokinsa, sannan ku koma kuna ba shi haƙuri wai hukuma ba ta yarda ba.

Da farko ku tabbata ƙungiyarku tana da rajista da ofishin kula da harkokin ɗalibai, kuma an sabunta ta a bana. Wasiƙar neman izini da Turanci ake rubuta ta, zuwa ga shugaban wannan ofishi, ta hannun malamin da ke ba ƙungiyarku shawara, sannan shugaban sashe ko na tsangaya in taron na sashe ne. Kowannensu zai sa hannu kafin ta wuce. A cikinta ku faɗi sunan baƙon da aikinsa, maudu'i, rana da lokaci, ɗakin da kuke so, yawan mutanen da kuke sa rai, da kuma ko za a bar mutanen waje su shigo. Ku haɗa da taƙaitaccen tarihin baƙon a shafi ɗaya.

Ku yi kwafi biyu. Idan kun miƙa, ku roƙi sakataren ofishin ya buga muku hatimin karɓa a kan naku kwafin, da kwanan wata. Wannan 'yar takarda ita ce shaidarku ranar da wani zai ce bai san da zancen ba. Bayan kwana uku mutum ɗaya ya koma ya bi sawu, da ladabi: "Ranka ya daɗe, mun zo ne mu ji ko takardarmu ta fito." Ku girmama masinja da sakatare kamar yadda kuke girmama mai ofishin, domin su ne suka san teburin da fayil ya kwana. Da izini ya fito, ku kai kwafi ofishin tsaro na jami'a da hannunku.

Idan baƙon ɗan siyasa ne, musamman gab da zaɓe, ko malamin addini, ko wani da maganarsa ke tada ƙura, ku faɗi gaskiya tun a wasiƙa. Kada ku ɓoye shi a ƙarƙashin wani take mai laushi. Hukuma na iya sa sharaɗi ko ta hana, kuma gara ku ji tun da wuri. In kuwa sarki ne, ko gwamna, ko minista, ko jakada, to abin ya fi ƙarfin kwamitin ɗalibai shi kaɗai: ofishin shugaban jami'a ne zai tsara tarba da wurin zama, ku kuma ku bi bayansu.

Isa ga baƙon

Zuwa da kai ya fi aike. Wasiƙar da aka jefa ta imel daga ɗaliban da ba a sani ba takan kwana cikin ɗaruruwan irinta. Ku nemi tsani: malaminku da suka yi karatu tare, tsohon ɗalibin sashenku da ke aiki a ƙarƙashinsa, ko wani dattijo da yake jin nauyinsa. Shi zai fara buga waya, sannan mutum biyu daga cikinku su kai wasiƙa in garin yana kusa. Ku je da shiga ta kamala, ku gaisa sosai, ku faɗi abin da ya kawo ku a taƙaice.

Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya. Ta faɗi ko ku su waye, dalilin da ya sa shi kuka zaɓa ba wani ba (ku ambaci wani aiki nasa da kuka karanta ko kuka ji), maudu'i, su waye masu sauraro da matakin karatunsu, minti nawa zai yi magana, da wane harshe, da kuma abin da kuka ɗauki nauyi. Ku ba shi rana biyu ya zaɓa. Ku sa lambar mutum ɗaya tak da za a riƙa magana da shi. Na sha ganin baƙo ya rikice saboda shugaban ƙungiya ya ce masa ƙarfe goma, sakatare ya ce sha ɗaya, jami'in hulɗa da jama'a kuma ya turo fosta mai wani lokacin daban.

Maganar kuɗi tana da nauyi a bakinmu, amma kada ku bar ta a duhu. Ku ce: "Malam, mu ɗalibai ne, abin da za mu iya shi ne kuɗin mai da masauki da abinci, sai ɗan abin goro." Da yawa za su ce ku bar shi, wasu ma su ƙara muku. Wanda kuma yake da farashin da ya fi ƙarfinku, kun rabu lafiya tun ba a yi nisa ba. Idan mako biyu suka wuce babu amsa bayan tuni sau biyu, ku gode masa ku koma ga suna na biyu.

Da ya amsa, ku tambaye shi abu huɗu: yadda yake so a rubuta sunansa da muƙaminsa, ko zai yi amfani da majigi, ko ya yarda a ɗauki bidiyo a yaɗa, da kuma mutum nawa za su rako shi. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin baƙon da kuka yi wa tanadin mutum ɗaya na iya isowa da mota biyu.

Kuɗi

Ma'aji ya rubuta komai: ɗakin taro, man janareto, hayar lasifika, fosta da kati, ruwa da lemo, abincin baƙo da direbansa, masauki, kuɗin hanya, kyautar girmamawa. Ya ƙara kashi goma cikin ɗari a kai saboda abin da ba a zata ba. Kuɗin baƙo a ware shi tun farko a ambulan, kada a taɓa ko da me ya taso. In za ku nemi gudummawa wajen tsofaffin ɗalibai ko 'yan kasuwa, ku yi yarjejeniya a fili kan abin da za su samu: suna a fosta da godiya a baki, ba rabin awa a makirufo ba. Kowace naira da rasit.

Ɗakin taro

Ƙaramin ɗaki da ya cika ya fi babban zaure da rabinsa kujeru ne. Mutum 150 a ɗakin mutum 200 taro ne mai armashi. Su ɗin dai a zauren mutum 1,000 sai baƙo ya ga kamar an guje shi. Manyan wurare irin su zauren Musa Abdullahi a sabuwar harabar Jami'ar Bayero ko Assembly Hall na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Zariya, na manyan taruka ne, ɗakin laccar tsangayarku zai iya isarku. Ku kama ɗakin a rubuce. In akwai kuɗin haya, a jami'o'in tarayya galibi ta Remita ake biya, ku ajiye shaidar.

Sannan a kowace takarda ku faɗi wace haraba ce. Jami'ar Bayero tana da tsohuwar haraba da sabuwa a kan titin Gwarzo, ga kuma Gidan Mambayya can Gwammaja. Jami'ar Ahmadu Bello tana da Samaru da Kongo. Baƙon da kuka ce wa "ABU" kawai, in shi lauya ne, ƙafarsa Kongo za ta kai shi, domin da can aka san tsangayar shari'a, ku kuwa kuna Samaru kuna jira.

Ana gobe taro, da yamma, ku shiga ɗakin ku gwada komai. Ku kunna lasifika, mutum ɗaya ya tsaya a layin ƙarshe ya ji ko magana na isa. Makirufo biyu, da batir sabo a aljihun wani. Ku haɗa majigi da kwamfutar da za a yi amfani da ita, ba wata ba. Ku san wanda ke riƙe da makullin ɗakin da wanda ke tada janareto, ku karɓi lambobinsu, ku gaishe su da ɗan abin shan ruwa. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar lacca, mutumin nan ne zai cece ku.

Hanya da masauki

Ku ware mutum ɗaya mai natsuwa wanda ba shi da wani aiki sai baƙo, daga isowarsa har tafiyarsa. In baƙuwa ce, a haɗa ta da ɗaliba. Shi zai tarbe shi a filin jirgin Malam Aminu Kano, ko a tashar Rigasa in ta jirgin ƙasa ya taso daga Abuja, inda daga nan akwai sauran tafiyar mota kafin Zariya. Kada ku tsara wa baƙo tafiyar dare a hanya. Gidan saukar baƙi na jami'a ya fi sauƙin kuɗi da kusanci, amma ku je ku ga ɗakin da idonku: ruwa, fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, makulli, tsabtar banɗaki. Ku tambayi abin da ba ya ci, domin dattawa da yawa suna fama da ciwon suga ko hawan jini.

Ku ba masu tsaron ƙofa sunansa da lambar motarsa tun da safe, kuma wani ya tsaya a ƙofar. Mutum mai furfura ya tsaya a rana yana bayanin kansa ga mai gadi, wannan ya isa ya ɓata masa ranar tun bai shiga ba.

Baƙo daga ƙasar waje yana bukatar wasiƙar gayyata a kan takardar jami'a mai tambari domin neman biza, wadda ɗalibai ba za su iya bayarwa da kansu ba, saboda haka ku fara wata uku kafin lokaci ta hannun shugaban sashe. Idan malami ne daga Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, ku tattauna harshe tun farko: takardarsa wataƙila da Faransanci take, amma in kun roƙe shi ya gabatar da Hausa, ɗakin gaba ɗaya zai fahimta ba tare da tafinta ba.

Shela

Kada fosta ta fita sai izini da amsar baƙo suna hannu a rubuce. Kwana goma kafin taro ku saki sanarwa a allunan sashe da zaurukan WhatsApp na ajujuwa, ku maimaita ana saura kwana uku, da kuma daren ranar. Abin da ya fi duk wannan tasiri shi ne malami ya faɗa a aji cewa laccar ta shafi darasinsa.

Ranar taro

Ku rubuta tsarin taro da mintuna, ku ba kowa kwafi. Taron awa biyu, ga yadda nake raba shi: addu'a da maraba minti goma, gabatar da baƙo minti uku, lacca minti 45, tambayoyi minti 40, sharhin shugaban taro da godiya minti goma. Sauran na abin da ba a rasa ba. In kun fara ƙarfe goma, kun tashi kafin Azahar ba tare da an yanke wa kowa magana ba.

Babban teburi kada ya wuce mutum biyar. Duk wanda kuka ɗora a can yana ganin yana da haƙƙin "ɗan tsokaci", kuma tsokacin nan ne ke cinye laccar. Ku zaɓi shugaban taro wanda aka san shi da zuwa kan lokaci, ku je ku same shi tun kafin ranar ku ce: "Allah ya gafarta Malam, baƙon namu daga nesa yake, muna roƙon a taimaka mana a tsare masa lokacinsa." Shi babba yana iya dakatar da babba, abin da ɗalibi ba zai iya ba. In lokaci ya yi bai iso ba, malami mafi girma da ke wurin ya riƙe kujerar, a fara. Manyan da suka makara a tarbe su a zaunar da su, a ambace su bayan lacca. Kada a katse baƙo don sanar da isowar wani.

Mai gabatarwa ya karanta tarihin baƙo a gida, ya iya faɗin sunansa da muƙaminsa daidai. Ba wurin kirari da barkwanci ba ne. A ajiye ruwa a gaban baƙo, a kuma gaya masa tun farko cewa za a miƙo masa 'yar takarda idan saura minti biyar.

Lokacin tambayoyi shi ne rabon ɗalibai, ku tsare shi da gaske. A karɓi tambaya uku-uku, kowa minti ɗaya, ɗalibai kafin malamai. Za a samu mai tashi ya ce shi ba tambaya gare shi ba, ƙarin bayani ne. Shugaban taro ya gode masa ya wuce. Ku raba ƙananan takardu tun ana lacca, domin akwai ɗalibai, musamman mata da 'yan aji ɗaya, da ba za su taɓa ɗaga hannu a gaban jama'a ba, alhali sau da yawa tambayarsu ta fi ta kowa ma'ana. In wani ya zo da zafi, a bar shi ya yi tambayarsa muddin babu cin mutunci. Jami'a wurin muhawara ce. In ya wuce gona da iri, shugaban taro ne zai tsawata, ba ɗalibai su yi masa ihu ba.

Bayan an rufe, ɗalibai za su yanyame baƙo da hoto da neman lamba. Ku ba su minti goma, sannan mai kula da shi ya janye shi zuwa salla da abinci. In da hali, ku haɗa shi da ɗalibai goma masu himma su ci abinci tare. Na san waɗanda a irin wannan zaman suka samu wurin koyon aiki.

Rakiya da abin da ke biyo baya

Ambulan a keɓe ake ba da shi, malamin ƙungiya ko shugabanta ya miƙa da hannu biyu, ba a gaban jama'a ba, kuma kafin ya shiga mota. Kada a ce "za mu turo". Direbansa ma a sallame shi. Ku raka shi har mota, da yamma kuma ku buga waya ku ji ya sauka lafiya.

Cikin kwana uku ku aika wasiƙar godiya da hotuna, ku ambaci wata magana tasa da ɗalibai suka riƙe. In ya yarda a yaɗa bidiyon, ku sa shi cikakke, kada ku yanko jimla ɗaya da za ta jawo masa fitina a Facebook. Ku gode wa ofishin harkokin ɗalibai da na tsaro da mai makullin ɗaki. Ma'aji ya karanta wa 'yan ƙungiya lissafi.

Sakatare kuma ya tattara komai a fayil ɗaya: kwafin wasiƙun da aka buga wa hatimi, kasafin kuɗi da rasit, tsarin taro, takardar da baƙo ya gabatar, lambobin mai janareto da mai lasifika, da shafi ɗaya na abin da ya tafi daidai da abin da ya ƙi. Ranar miƙa mulki, ya danƙa fayil ɗin a hannun sabon sakatare, ya kuma ajiye kwafi a ofishin sashe.